Tambaya: ta yaya ake gane saɓanin tsayi tsakanin ƙananan madubai a na'urar hangen nesa mai haɗaɗɗen madubi?

Ɗalibin Fiziks:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ina karatun digiri na biyu a fannin kimiyyar haske, kuma aikin da aka ɗora mini shi ne in kwaikwayi, a kan teburin ɗakin gwaji, irin na'urorin hangen nesan da ke haɗa ƙananan madubai da dama domin su yi aikin babban madubi guda. Na jera madubai uku a layi ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu daidai wa daida, kowanne a kan mazauninsa mai sukurori biyu na karkatarwa, da ɗan ƙaramin inji mai tura shi gaba ko baya da wutar lantarki. Hasken leza ja mai tsawon zango (wato tazarar da ke tsakanin tudun igiyar haske da na gabansa) nanomita 633 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita) yana sauka a kansu kusan a miƙe, ya dawo ya ratsa gilashi mai tattara haske, sannan ya faɗa kan kyamara.

Karkata ba ta ba ni wahala ba. Da farko ɗigo uku nake gani a allon kwamfuta, ina murza sukurori har suka hau kan juna suka zama ɗigo ɗaya, kuma nan take ratsin haske da duhu ya bayyana a cikinsa. Inda na tsaya shi ne wajen tura madubi gaba da baya. Idan na tura madubin tsakiya, ratsin yana sauya kama, amma da zarar na yi tafiyar nanomita 316 ko kusa da haka, sai hoton ya koma yadda yake tun farko, kuma haka yake ta maimaituwa komai nisan da na tura shi. Da na cire leza na sa farin haske, ratsin ya ɓace ɗungurungum, sai ɗigo ɗaya mai faɗi wanda bai fi na madubi guda kyau ba.

Tambayata ita ce, ta yaya zan san ainihin wurin da madubai ukun suka daidaita, tunda kowane wuri kama yake da ɗan'uwansa? Malamin da ke duba aikina ya ba da shawarar in koya wa kwamfuta gane kuskuren daga hotuna ta hanyar ƙirƙirarriyar basira, amma ina so in fahimci tushen matsalar kafin in kama wannan hanya. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Malamin Kimiyya:

Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da ka gani ba lalacewar kayan aiki ba ne. Ka ci karo da matsalar da ta fi kowace wahala a wannan fanni, kuma na ji daɗi da ka gan ta da idonka kafin ka karanta ta a takarda.

Kowane ƙaramin madubi yana iya saɓa wa 'yan'uwansa ta hanya uku: ya karkata sama ko ƙasa, ya karkata dama ko hagu, ko kuma ya fito gaba ko ya nutse baya alhali fuskarsa tana kallon inda ya kamata. Na ukun shi masu aikin ke kira fistin, saboda motsinsa irin na fistin ɗin injin mota ne. Karkata tana kawar da ɗigon haske daga wurinsa, saboda haka ido yana ganinta, haka ma na'urar Shack-Hartmann da ake auna lanƙwasar haske da ita. Fistin kuwa ba ya kawar da ɗigo ko kaɗan. Abin da yake yi shi ne jinkirta hasken madubi ɗaya a kan na ɗan'uwansa, kuma na'urar da ke auna gangara kawai ba ta da hanyar ganin jinkiri.

Ka ɗauki sojoji biyu a fareti. Idan ɗaya ya makara da rabin taku, kowa zai ga ƙafafunsu sun saɓa, amma idan ya makara da cikakken zagayen taku, hagunsa za ta faɗi tare da hagun abokinsa, mai kallon ƙafafu kawai ya rantse a jere suke. Haka igiyar haske take. Hasken da ya makara da zango ɗaya cif, ko biyu, ko ɗari, yana haɗuwa da ɗan'uwansa tamkar bai makara ba. Dalilin da ya sa kake ganin maimaituwa a 316 ba a 633 ba shi ne haske yana zuwa ya dawo, don haka duk tafiyar da madubi ya yi, hanyar haske tana ƙaruwa da ninkinta. Ka riƙe wannan ninki da kyau, domin ɗalibai da yawa suna rikita alkaluman fuskar madubi da na hanyar haske a rahoto ɗaya.

Ɓacewar ratsi a farin haske ita ce amsar tambayarka, ko da yake ta zo maka a kamannin matsala. Farin haske tarin launuka ne, kowanne da tsawon zangonsa, kuma wuri ɗaya tak duk launukan suke yarda da juna, wato inda bambancin hanya ya zama sifiri. Da ka matsa daga nan, ratsin ja zai gusa daban, na kore daban, su shafe juna. Nisan da ratsin ke jurewa kafin ya ɓace ana ƙiyasta shi ta hanyar ninka tsawon zango da kansa, a raba da faɗin launukan da aka bari suka wuce. Idan tsakiyar haskenka nanomita 600 ne kuma faɗinsa 100, nisan bai wuce maikuromita 3.6 ba, wato nanomita 3,600. Idan ka sa matacin da ke barin faɗin nanomita 10 kawai, nisan ya zama maikuromita 36. Madubin da aka ɗaura da hannu kuwa yana iya saɓa wa maƙwabcinsa da kaurin gashin kai ko fiye, wato gomman maikuromita, shi ya sa ba ka ga komai ba.

Da wannan dabara aka daidaita na'urorin hangen nesa na Keck guda biyu da ke kan dutsen Mauna Kea a Hawai, waɗanda kowannensu madubinsa mai faɗin mita 10 haɗin ɓangarori 36 ne masu kusurwa shida. Gary Chanan da abokan aikinsa sun yi kyamara ta musamman mai ƙananan kafofi zagayayyu, kowace kafa tana ɗaukar rabin haskenta daga ɓangare ɗaya, rabi daga maƙwabcinsa. Ana tura ɓangarorin mataki-mataki ana kallon hoton tauraro ta kowace kafa, a nemo matakin da ratsin ya fi fitowa sarai. Ana farawa da siririn mataci mai dogon zango na kamawa, sannan a koma ga mai faɗi wanda ya fi tsananta awo. A bayanin da suka wallafa a 1998, hanyar tana kama kuskuren da ya kai maikuromita 30 ta sauko da shi zuwa wajen nanomita 30, daga nan kuma wata hanya mai amfani da siririn launi ta karɓa ta ƙara rage shi.

Idan kana da leza kore mai nanomita 532, akwai hanya ta biyu. Ka auna da ja, ka auna da kore, ka kwatanta. Launukan biyu ba sa sake yin daidai sai bayan bambancin hanya ya kai kimanin maikuromita 3.3, wanda ake samu idan an ninka 633 da 532 aka raba da bambancinsu, 101. Ka faɗaɗa iyakar awonka fiye da sau biyar ke nan, sai dai kuskuren awonka ma yana ƙaruwa da wannan gwargwado, don haka amfaninta shi ne ta gaya maka a zango na nawa kake, sannan launi ɗaya ya ba ka ragowar.

Game da inda za ka tsaya, ƙa'idar Maréchal ita ce mizanin da aka saba: idan matsakaicin kuskuren hanyar haske bai wuce kashi ɗaya cikin 14 na tsawon zango ba, hoton yana riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken tsakiyarsa. A jan haskenka wannan nanomita 45 ne a hanyar haske, wajen 22 a fuskar madubi.

Injiniya Mai Son Taurari:

Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa, kuma Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ina so in tsaya a kan wani abu da ka ambata a wuce, wato cewa ka jera madubanka a layi ɗaya da tazara iri ɗaya. Wannan jeri zai ruɗe ka ko da ka warware matsalar zango. Kowane madubai biyu suna haifar da ratsinsu, kuma faɗin ratsin da alkiblarsa sun dogara ga tazarar da ke tsakaninsu da inda ta fuskanta. A jerinka, na ɗaya da na biyu suna ba da ratsi iri ɗaya sak da na biyu da na uku, sai su hau kan juna, ka rasa kuskuren wane madubi kake gani. Ka mayar da su kusurwa uku kamar duwatsun murhu, ko kuma ka bar su a layi amma tazara ɗaya ta ninka ɗayar. Irin wannan jeri da babu tazarar da ta maimaitu a cikinsa shi Marcel Golay ya yi nazari a kai a 1971, kuma har yau da sunansa ake kiransa.

Idan ka yi haka, ka bi da hoton ta lissafin Fourier a kwamfuta, wato lissafin da ke ware ratsin da ke cikin hoto gwargwadon faɗinsu da alkiblarsu, za ka ga tudu ɗaya a tsakiya da ƙananan tuddai shida a kewaye, biyu-biyu ga kowane haɗin madubai. Takun igiyar da ke kowane tudu, wato yadda ratsinsa ya gusa daga wurinsa, yana ba ka fistin ɗin wannan haɗi, tsayinsa kuma yana raguwa a farin haske gwargwadon nisanka da sifiri. Akwai kuma gwajin gaskiya da za ka samu kyauta: bambancin na ɗaya da na biyu, da na biyu da na uku, da na uku da na ɗaya, idan aka tara su dole su ba da sifiri. Ranar da ba su ba da sifiri ba, ka san akwai karkatar da ta rage ko wata lanƙwasa a gilashinka.

Ɗalibin Fiziks:

Na gode ƙwarai, Malam, na gode, Injiniya. Batun jeri ban taɓa kawo shi a raina ba, gobe da safe zan sauya shi in Allah ya yarda. Abin da ya rage mini shi ne injin turawar da nake da shi ba ya wuce maikuromita 15, ga shi ban san ko gaba zan nema ko baya ba. Shin akwai hanyar da hoto ɗaya zai nuna mini girman kuskuren da alkiblarsa ba tare da na yi ta lalube ba?

Malama Mai Binciken Haske:

Akwai, ɗan'uwa, kuma ita aka yi amfani da ita a sararin samaniya, inda ba a da damar lalube. Na'urar James Webb, wadda aka harba ranar 25 ga Disamba 2021 daga Kourou da ke Guiana ta Faransa a kan rokar Ariane 5, madubinta mai faɗin mita 6.5 haɗin ɓangarori 18 ne na ƙarfen beriliyam da aka shafe da zinariya. An naɗe shi ne kafin harbawa, aka buɗe shi a hanya, saboda haka babu wanda ya yi tsammanin ɓangarorin za su isa a daidaice, kuma daga nisan kilomita miliyan 1.5 babu hannun da zai kai gare su. Kowane ɓangare yana da injinan motsi bakwai a bayansa, shida na matsayi da karkata, ɗaya na gyara lanƙwasarsa, kuma kyamarar binciken kanta, NIRCam, ita ce ma'aunin kuskuren.

A watan Fabrairu 2022 aka juya ta ga tauraron HD 84406, hoton farko ya fito da ɗigo 18 a warwatse, kamar naka uku. Aka riƙa motsa ɓangarorin ɗaya bayan ɗaya domin a san wane ɗigo ne na wane, aka gyara kowanne, sannan aka ɗora su a kan juna. A wannan mataki suna daidai da inda kake yanzu: haske ya taru wuri ɗaya, amma madubai 18 ne ƙanana ke aiki, ba babba ɗaya ba.

Abin da aka yi daga nan shi ne amsar tambayarka. An ɗauki hasken ɓangarori biyu maƙwabta, aka baza shi zuwa launukansa kamar bakan gizo, ta yadda kowane launi ya sami wurinsa a kan kyamara. Da yake kowane launi yana ganin jinkirin nan ɗaya a matsayin adadin zango daban, ratsin haske da duhu yana fitowa a gicciye a tsawon bakan, kamar murɗin igiya. Yawan ratsin yana nuna girman fistin, ɓangaren da ya kwanta kuma yana nuna wane madubi ne a gaba. A Webb an auna haɗi 20 na ɓangarori ta wannan hanya. Lissafinta mai sauƙi ne, kuma za ka iya yinsa a teburinka: idan bambancin hanya maikuromita 20 ne, kana kallo daga nanomita 500 zuwa 700, to zango 40 ne a gefe ɗaya, 28 da rabi da ɗoriya a ɗaya gefen, za ka ƙirga ratsi wajen 11. Ka rufe madubi ɗaya, ka sa firizim ko gilashin baza launi a gaban kyamara ta yadda zai baza hasken a gicciyen layin da ya haɗa madubai biyun, ka murza sukurin hannu mai tura madubin gaba ko baya kana kallon ratsin yana raguwa. Idan ya ragu zuwa biyu ko uku, injinka mai maikuromita 15 ya isa ya ƙarasa.

Raunin hanyar yana kusa da sifiri, inda ratsin bai kai ɗaya ba, babu abin ƙirgawa. Nan Webb ta sauya dabara. Aka sa gilasai masu gusar da hoto daga matattararsa da gangan, gaba da baya, kwamfuta ta yi ta gwada siffar igiyar hasken da za ta iya haifar da waɗannan hotuna har ta dace. Tushen wannan lissafi aikin Gerchberg da Saxton ne na 1972 da na Gonsalves na 1982, kuma da irinsa aka tantance aibin madubin na'urar hangen nesa ta Hubble bayan harba ta a 1990. Hoton tauraro ɗaya mai kaifi da aka fitar ranar 16 ga Maris 2022 sakamakon wannan mataki ne.

Sai batun ƙirƙirarriyar basira, wanda nake da ra'ayi mai ƙarfi a kansa. An yi nazari da yawa inda aka koya wa kwamfuta karanta fistin daga hoto ɗaya, kuma tana da sauri sosai idan ta koya. Amma idan hotunan da za ka ba ta na leza ɗaya ne, hoton sifiri da na zango goma iri ɗaya ne, kuma babu basirar da za ta ciro labarin da ba ya cikin hoton. Dole hasken ya kasance mai faɗin launi ko launuka da dama. Na biyu, abin da aka koya da hotunan da kwamfuta ta ƙirƙira yakan yi tuntuɓe idan ya gamu da ƙura da hayaniyar kyamara ta gaske. Shawarata ita ce ka fara mallakar awon da ka amince da shi ta hanyoyin da aka bayyana maka, domin shi ne zai zama ma'aunin da za ka gwada kwamfutar da shi, kuma da shi za ka kare aikinka a gaban masu jarrabawa.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji:

Ni ba malami ba ne, amma na daɗe ina ɗaura kayan awo, kuma ina ganin akwai abin da ba a taɓo ba. Samun sifiri daban, riƙe shi daban. Alminiyam yana miƙewa da kimanin maikuromita 23 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya, saboda haka ƙarfe mai tsawon santimita 10 a bayan madubinka zai miƙe da maikuromita 2.3, wanda ya haura maimaituwa bakwai na ratsinka. Idan mazaunan uku ba su yi zafi tare ba, abin da ka daidaita da safe ya tafi kafin azahar, balle a lokacin hunturu da sanyin asuba da zafin rana ke nesa da juna. A wani ɗakin gwaji da na yi aiki, mun shafe makonni muna zargin lissafinmu, ashe girgizar janareton da ke bayan bango ce take shafe ratsin duk lokacin da aka ɗauke wuta.

Manyan na'urori ma ba su tsira ba. Keck ba ta dogara ga tauraro domin riƙe siffarta cikin dare. Tana da na'urorin awo 168 a gefunan ɓangarorinta da injinan turawa 108, ana gyara matsayinsu sau biyu a kowane sakan, awon tauraro kuwa lokaci-lokaci ake yinsa domin a gaya wa na'urorin gefen inda sifiri yake. A nahiyarmu, na'urar SALT da ke Sutherland a Afirka ta Kudu, mai ɓangarori 91, ta sha wahala da na'urorin gefenta na farko saboda danshin iska yana sauya abin da suke karantawa, har aka maye gurbinsu da wani iri. A Paranal ta ƙasar Chile kuwa, inda ake haɗa hasken na'urori huɗu masu faɗin mita 8.2, iskar sama ce ke sauya bambancin hanya ba tsayawa, don haka ana bin ratsin ana gyarawa ɗaruruwan sau a sakan.

Ka ɗora madubai ukun a kan faranti ɗaya mai kauri, ka rufe teburin da akwati ko da na kwali ne, ka kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki yayin awo, ka rage lokacin buɗewar kyamara. Ka kuma lura ko injinka yana tura madubin daga tsakiyarsa, domin idan daga gefe yake turawa, kowane fistin zai zo da 'yar karkata.

Ɗalibin Fiziks:

Na dawo da labari, malamaina. Na mayar da madubai kusurwa uku, na ari firizim daga ɗakin gwajin 'yan aji ɗaya, na rufe madubi na uku. Da farko ban ga ratsi ba sam, sai da na murza sukuri a hankali kusan rabin zagaye, sannan siraran layuka suka bayyana a cikin bakan, na ƙirga fiye da ashirin. Na ci gaba da murzawa suna raguwa suna faɗaɗa har suka rage biyu, na ƙarasa da inji, kuma da na cire firizim na ga ratsi a farin haske karo na farko, baƙi da fari a tsakiya, masu launi a gefe. Na maimaita da madubi na uku.

Maganar Ma'aikacin Ɗakin Gwaji ta tabbata, domin kafin minti arba'in ratsin ya dushe, kuma tarin bambance-bambancen uku bai ba ni sifiri ba, yana saura wajen nanomita 60. Na sa an yanka mini farantin ƙarfe guda da zan ɗora mazaunan a kai, kuma zan ajiye ma'aunin zafi a cikin akwatin in riƙa rubuta shi tare da kowane hoto. Malama, idan na gusar da kyamara domin ɗaukar hotunan nan biyu na gaba da baya, wane nisa ya kamata in fara da shi ga gilashi mai tattara haske a santimita 50?